Farin Dodo na Uku: Yadda Auta Ya Sassaƙe Dek Ɗinsa a Jos

Wani daren hunturu a ƙarshen 2022, irin sanyin Jos ɗin nan da ke sa mutum ya yi alwala yana ƙunƙuni, autanmu ya shigo ɗakina ya zube kati sittin a kan darduma. Ya ce, "Yaya, kai da kake koyar da lissafi, duba min dek ɗin nan. Katunan da suka fi na kowa ƙarfi suna wurina, amma kullum ni ake lallasawa."

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a cikin gari, kartar da na sani kuwa ba ta wuce Whot ba, wadda muka taso muna bugawa a Gangare. A Whot tari ɗaya ne a tsakiya, kowa daga nan yake ja, sa'arka ce kawai da 'yar dabara. Wasan da Auta ya kawo min daban yake. Sunansa Yu-Gi-Oh!, kamfanin Konami ya fito da shi a Japan a 1999, na Turanci ya biyo baya a 2002. Kowane ɗan wasa shi ke haɗa tarin katinsa tun daga gida, daga cikin dubban katunan da aka buga, wannan tarin shi suke kira dek. Doka ta ce kada ya gaza kati 40, kada ya wuce 60, kuma kati iri ɗaya kada ya wuce uku. Kowa yana farawa da makin rai 8000 da kati biyar a hannu. Wanda makinsa ya ƙare an ci shi. Katunan iri uku ne: dodanni da ke faɗa, katunan sihiri masu launin kore, da katunan tarko da ake kifewa sai abokin karawa ya taka. Akwai kuma wani ƙaramin tari a gefe, bai wuce 15 ba, na manyan dodanni da ba a jan su, sai dai a haɗa wasu a fito da su.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, shi ya jefa Auta cikin abin. A watan Janairun shekarar aka saki Master Duel, nau'in wasan na waya da kwamfuta, kyauta. Zaman gida ya ishe su, shi da abokansa shida suka rungumi wasan a waya, daga baya suka fara neman katin takarda. Matattararsu shagon wani mai gyaran waya ne a Unguwar Rogo, ranar Asabar bayan la'asar, a kan teburin da ake warware wayoyi.

Abin da ya kawo min

Dek ɗin Auta an gina shi ne a kan kati ɗaya, Blue-Eyes White Dragon, wanda a gidanmu ya koma Farin Dodo. Ƙarfin harinsa 3000, na kariya 2500, matakinsa 8. Ba ya da wata dabara ta musamman a jikinsa, ƙarfi ne tsagwaronsa. Matsalarsa a doka take: sau ɗaya ake yi wa dodo kira na al'ada a kowane zagaye, kuma dodon da matakinsa ya kai 7 sai ka sadaukar da biyu da ke filinka kafin ya sauka. Wato idan ka buɗe hannu ka gan shi shi kaɗai, ado ne kawai.

Na sa shi ya ware min katunan gida biyu, ba bisa launi ko tsada ba. Na ce waɗanda in ka ja su a hannun farko za su iya tayar da wasa da kansu, ajiye su dama. Waɗanda sai sun jira wani kati, ajiye su hagu. 'Yan wasan suna da sunan na hagun, bulo suke ce musu, kuma sunan ya dace, domin ba abin da suke yi sai nauyi a hannu. Na daman mu muka raɗa musu suna ashana.

Ashana shida muka samu cikin sittin. Uku Sage with Eyes of Blue ne, ɗan ƙaramin kati mai mataki 1 wanda da ka kira shi zai ɗauko maka wani ɗan'uwansa daga cikin dek. Uku kuma The Melody of Awakening Dragon, wanda za ka jefar da kati ɗaya ya ɗauko maka manyan dodanni biyu. In ka ɗauko Farin Dodo da Blue-Eyes Alternative White Dragon, nuna na farkon kawai ya isa na biyun ya sauka fili ba tare da sadaukarwa ba. Manyan dodanni masu nauyi kuwa goma sha huɗu na ƙirga. Duk wani dodo mai fukafukai da ya taɓa burge shi yana ciki. Ga Polymerization har uku, katin haɗa dodanni, saboda burinsa guda: ya tara Farin Dodo uku ya narka su su zama Blue-Eyes Ultimate Dragon mai kai uku da ƙarfi 4500. Na tambaye shi sau nawa ya taɓa yin hakan a shagon. Ya yi shiru, sannan ya ce sau biyu, kuma a ɗayan mai gyaran waya ya buɗe tarko ya share dodon kafin ya kai hari. Kati huɗu sun tafi a kan kati ɗaya.

Lissafin ba mai wuya ba ne, irin wanda nake ba 'yan aji biyar ne, na buhu da ƙwallaye masu launi. Idan ashana 6 ne cikin kati 60 ka ja biyar, yiwuwar ka samu ko da guda ɗaya kashi 42 ne cikin 100. Wato fiye da rabin wasanninsa tun kafin a fara an gama da shi. Yiwuwar bulo biyu ko fiye su faɗo masa cikin waɗannan goma sha huɗun kuwa kashi 33 ne, wasa ɗaya cikin uku. Na rubuta masa wani layi a ƙasa: ashanan nan shida, ba a ƙara ko ɗaya ba, in dek ɗin ya koma kati 40, yiwuwar ta tashi zuwa kashi 58. Ba sisin kwabo zai kashe ba. Cirewa kawai.

Ya kalli takardar ya ce, "To ai duk ina son su, Yaya."

A nan aikin ya tsaya kusan wata guda. So hana ganin laifi, in ji Hausawa. Kowane kati na ɗaga, yana da labarin ranar da ya cece shi. Dabarar da ta yi aiki daga ƙarshe ba tawa ba ce, ta mai gyaran waya ce, mutumin da bai wuce sakandare ba amma ya fi mu duka sanin yadda ake gano inda cuta take. Ya ce shi in waya ta ƙi tashi ba ya canza abu biyu lokaci guda, don in ta tashi ba zai san wanne ya gyara ta ba. Ya ba Auta wani tsohon littafin rasit ya ce duk wasan da aka gama, ci ko faɗuwa, ya rubuta katin da ya kwana a hannunsa bai motsa ba. Littafin laifi suka sa masa suna. Bayan Asabar huɗu ba sai na yi gardama ba, Polymerization ya cika shafi shi kaɗai. Auta da hannunsa ya zare su, ya zare dodanni takwas, ya zare wasu tarkuna da sai an kawo masa hari suke aiki. Dek ya dawo 40, manyan dodanni shida.

Baba da maganar caca

Kafin in ci gaba, akwai abin da ya kusa kashe maganar gaba ɗaya. Baba ya leƙo ya gan mu zaune a kan kati, fuskarsa ta canza. "Karta a gidana? Har da kai babba?" A wurin mutanen zamaninsu karta da caca Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, kuma ba su yi ƙarya ba, sun ga gidajen da ta rusa. Na durƙusa na yi masa bayani cewa ba a sa kuɗi, ba a cin katin wani, wanda ya yi nasara ba abin da yake tashi da shi sai baki. Ya gindaya sharaɗi biyu: ranar da kwabo ya hau teburin an gama, kuma da an kira salla a kife kati. Hotunan dodannin ma ba su kwanta masa ba, ya ce kada a bar su a inda ake salla. Daga ranar muka bar darduma muka koma tebur.

Amma na daɗe ina juya maganarsa, domin akwai wurin da ta fi gaskiya fiye da yadda ya sani. Ba a wasan take ba, a saye take. Ana sayar da katunan cikin 'yar leda rufaffiya, yawanci kati tara, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Ka biya kuɗi tabbas, ka karɓi abin da ba ka sani ba, zuciyarka na bugawa ko mai tsadar zai fito. Duk sunan da aka ba wannan, ɗanɗanonsa na caca ne. Auta ya taɓa zuba kuɗin da ya tara a kan irin waɗannan ledoji ta hannun wani ɗan'uwanmu da ke karatu a Ingila, ko kati ɗaya da ya shiga dek ɗinsa bai fito ba. Muka yi doka: ba ya sayen abin da bai gani ba. Ko dai kati ɗaiɗai da sunansa, ko kwalin dek shiryayye wanda an san duk abin da ke ciki. Faɗuwar naira ta ƙara ɗaure dokar. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga kuɗin aiko kaya a kai. Saboda haka 'yan shagon suka yarda a riƙa buga hoton kati a wurin masu fotokwafi, a yanka a zura cikin rigar leda a kan wani kati mara amfani, a gwada shi makonni kafin a yanke shawarar saye. Rigar ma sai an kula, katin wannan wasan milimita 59 ne a 86, ya fi na Pokémon ƙanƙanta, wanda ya sayo rigar da ba tasa ba zai ga kati na yawo a ciki.

Inda malamin lissafi ya yi kuskure

Kashi 58 bai ishe ni ba. Ina son ashana su kai tara, domin 9 cikin 40 na ba da kashi 74. Na duba jerin katunan da suka dace da dek ɗin na ga Trade-In: ka jefar da dodo mai mataki 8, ka ja kati biyu. Na ce wannan ai tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya, yana kwashe bulo yana kawo sababbin kati, kuma dodon da ya faɗa maƙabarta, wato tarin da ake ajiye katunan da aka jefar ko aka hallaka, ana iya tayar da shi da Return of the Dragon Lords. Na sa ya saka uku, na rubuta 9 a takarda, na ja layi biyu a ƙasa.

Asabar uku a jere Trade-In yana fitowa a littafin laifi. Auta ya kawo min littafin bai ce komai ba, murmushi kawai yake yi. Da na sake zama sai na ga ramin da na haƙa da hannuna. Katin ba ya tayar da komai shi kaɗai, sai akwai mai mataki 8 a hannu, mu kuma mun riga mun rage su zuwa shida. In ka ja Trade-In, yiwuwar a ce sauran kati huɗun babu mai mataki 8 ko ɗaya ta kusa kashi 50. Rabin lokaci ashanar tawa a jiƙe take. Maganin bulo na kawo, alhali mun riga mun kwashe yawancin bulon, sai maganin ya koma bulo shi ma. Lissafina daidai yake, abin da na ƙirga ne ba shi ba ne. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, amma a ranar nan yaron yana zaune a ƙasa ya riga ni gani, domin shi ke riƙe katin a hannu, ni takarda nake riƙewa. Muka bar Trade-In ɗaya, daga baya shi ma ya fita.

Kuskure na biyu nasa ne. Ya samo jerin dek ɗin wani da ya yi nasara a babbar gasa a ƙasar waje, ya kwafo katunan kariya yadda suke. Cikinsu har da Nibiru, the Primal Being guda uku, ƙaton dutsen da ke faɗowa daga hannunka ya share duk dodannin fili idan abokin karawa ya kira dodanni biyar ko fiye a zagaye ɗaya. A can inda kowa ke jera kira goma kafin ya numfasa, katin sarki ne. A Unguwar Rogo kuwa wa zai kira biyar? Mai gyaran waya dek ɗin Traptrix yake bugawa, wanda kwalinsa ya fito a 2023 da araha, dodo ɗaya ko biyu zai ajiye ya kife tarkunan rami ya harɗe hannu yana jiranka. Wani ɗalibin Jami'ar Jos da ke Naraguta dek ɗin Dark Magician ya riƙe, shi ma ba gaggawa yake yi ba. Nibiru ya yi ta barci a hannun Auta yana jiran mutanen da ba sa zuwa Jos.

Gyaran da ya yi a nan shi ne wanda ya fi burge ni cikin duka, kuma ban sa masa baki ba. Ya cire duwatsun ya saka Twin Twisters, wanda za ka jefar da kati ɗaya ka fasa sihiri ko tarko har biyu. Abin da yake jefarwa kuma The White Stone of Ancients ne, ɗan dutsen da in ya shiga maƙabarta, a ƙarshen zagayen yake fito da Farin Dodo kai tsaye daga cikin dek. Kuɗin da ya biya ya dawo masa da riba. Ya kuma gano cewa Effect Veiler, katin da ake jefawa daga hannu a kashe dabarar dodon abokin karawa, mataki 1 ne, daga rukunin dodannin haske, irin waɗanda Sage ke iya ɗaukowa. Wato a ranar da hannunsa ya riga ya yi kyau, Sage zai kawo masa garkuwa maimakon ƙarin takobi. Nibiru bai tafi kwandon shara ba, ya koma benci, cikin kati 15 da doka ta yarda a ajiye don musanya tsakanin wasa da wasa, tunda karawa ta takarda wanda ya ci biyu cikin uku ne ya yi nasara.

Kiɗa ya canza

A Fabrairun 2025 Konami ya fitar da sabon kwali shiryayye na wannan dodon, Blue-Eyes White Destiny, a kan dala goma da 'yan kai. Yawancin sababbin katunan ɗaiɗai suke zuwa a kwali, don haka mai son uku-uku sai ya sayi kwali uku. Auta ya gwada su da fotokwafi wata biyu, sannan ya haɗa kuɗin koyar da yara darasi da yake yi a Rikkos, na cika masa sauran, ɗan'uwanmu ya taho da su da ya zo hutu.

Kati biyu ne suka sauya komai. Maiden of White, wadda za ka tura ta maƙabarta ta ajiye maka tarkon True Light a buɗe, shi kuma yana saukar da Farin Dodo daga hannu ko daga maƙabarta. Da dodon ya sauka sai ita ta taso, matakinsa 8 da nata 1 ya zama 9, a haɗa su a fito da Blue-Eyes Spirit Dragon mai mataki 9 daga tarin gefe, dodon da ya taimaka wa Shunsuke Hiyama na Japan ya ci gasar duniya da wannan dek a 2016. Na biyun Wishes for Eyes of Blue, ka jefar da kowane kati ya ɗauko maka ƙaramin mai mataki 1 tare da sihiri ko tarkon da ya ambaci dodon. Sage uku, Maiden uku, Wishes uku. Tara na gaskiya a wannan karon, na bi su ɗaya bayan ɗaya na tabbatar kowanne yana kamawa ba tare da jiran takamaiman aboki ba. Kashi 74 in shi ya fara, kusan 81 in shi ne na biyu, domin na biyun yana jan kati na shida, mai farawa ba ya ja a zagayen farko.

Ba a daɗe ba 'yan shagon suka gano lagonsa. A jikin True Light an rubuta cewa in aka tura shi maƙabarta daga inda yake a buɗe, duk dodannin mai shi sun hallaka. Mai gyaran waya ya karanta wannan layin sau biyu, Asabar ta gaba ya zo da nasa Twin Twisters ɗin. Makamin da Auta ya koya musu shi aka juyo masa. Ya koyi kada ya zuba duk abin da yake da shi a fili lokaci guda, ya riƙa rage wani abu a hannu.

Saura gardama ɗaya, wadda muka shekara biyu muna yi. Ni na ce Farin Dodo biyu sun isa. Dek ɗin yana son dodon a cikin tari ko a maƙabarta, inda sauran katunan za su ɗauko shi. Da uku, yiwuwar ya faɗo hannun farko kashi 34 ne, da biyu kashi 24. Shi kuma ya ce yanzu True Light na saukar da shi daga hannu, don haka ba cikakken bulo ba ne, kuma in wasa ya yi tsawo aka kore ɗaya daga wasan gaba ɗaya, na ukun ne zai riƙe gida. Hujja ce mai kyau, ban raina ta ba. Sai dai na san ba ita ce a ransa ba. A labarin zanen da wasan ya samo asali, mai dodon uku yake da su, duk yaron da ya taso yana kallo uku ya sani. Bayan wannan kuma, na ukun nasa ba irin sauran ba ne. Shi ne katin farko da ya mallaka, tun yana firamare, Umma ta saya masa cikin wata 'yar leda a wurin wani mai tebur a bakin titi suna dawowa daga kasuwa. Gefensa ya yi laushi, launinsa ya ɗan fi sauran duhu. Shekara goma yana cikin akwatin lissafinsa kafin ya san yadda ake wasan.

Abuja

Wasu 'yan wasa da suka san juna ta waya suka shirya haɗuwa a wani wurin shan shayi a Wuse. Auta da mai gyaran waya suka kama hanyar Akwanga da Keffi tun da asuba, na bi su don ina da wani uzuri a garin. Can ba a yarda da fotokwafi ba, kuma kafin a fara wani daga cikinsu ya karɓi dek ɗin kowa yana dubawa. Da ya iso kan katin nan ya dakata. Ya zaro shi daga riga, ya ɗaga shi wajen haske, ya ajiye shi kusa da sauran biyun. Katin gaske yana da ɗan tambari mai ƙyalli, murabba'i, a kusurwar dama ta ƙasa, na zinariya ko na azurfa. Na Auta fenti ne kawai aka buga a wurin, ko motsa shi ka yi ba ya walƙiya. Rubutun jikinsa ma ba irin na sauran ba ne. Mutumin ya yi maganar a hankali, ba da wulaƙanci ba: "Ɗan'uwa, wannan jabu ne. Ba za ka iya buga shi a nan ba."

Ina kallon fuskar Auta. Ban ga mamaki a cikinta ba, kuma a nan na gane ya daɗe da sani. Mutumin da ya iya bambance ashana da bulo ba zai shekara uku yana riƙe katunan gaske bai lura da tambarin ba. Ya karɓi katin ya sa a aljihun gaba, ya ɗauko Effect Veiler ɗaya daga benci ya cike gurbin arba'in.

Ya buga ranar da dodo biyu. An ci shi, shi ma ya ci, kuma Nibiru da ya shekara biyu yana zaman benci ya sauko sau biyu a kan masu dogon kira, har mai gyaran waya ya tafa. Ba wasan da na ga ya nemi dodo na uku ya rasa. Wuni ɗaya ba hujja ba ce, ni da nake koyar da wannan na fi kowa sani, amma abin da takarda ta faɗa bai saɓa ba. A mota muna dawowa na yi niyyar in ce na gaya maka, na haɗiye. Mun wuce Akwanga kafin ya yi magana.

"Yaya, in na mayar da shi ba tare da na cire komai ba, dek ya zama 41, nawa zan yi asara?"

Na ciro waya na buga. Ashana 9 cikin 40, kashi 74.2. Cikin 41, kashi 73.1. Na ce masa wajen wasa ɗaya cikin ɗari, ban da ranakun da shi kansa katin zai faɗo hannu ya zauna.

Ya gyaɗa kai ya ce, "Zan biya."

Yanzu dek biyu yake da su a kwali ɗaya. In tafiya ta kama zuwa inda ake duba tambari, arba'in ne cif, katin Umma yana bayan rigar wayarsa. Ranar Asabar a Unguwar Rogo kuwa arba'in da ɗaya ne, 'yan shagon duk sun san wanne ne, ba wanda ya taɓa cewa a cire. Makon jiya na leƙa littafin laifi, wanda yanzu ya kai na uku. Katin ya fito sau huɗu a shafin watan nan, da rubutun hannun Auta, kowanne da kwanan watansa.